Tarihin Iyan Filemin, Mai Hikayar Jemis Bond, Da Mas'alar Bindigarsa

Wannan tarihin wani Bature ne mutumin Ingila, sunansa Iyan Filemin, wanda ya ƙaga hikayar ɗan leƙen asirin nan da a ke kira Jemis Bond, mai lamba 007. Ku sani, shi Jemis Bond ba a taɓa haihuwarsa ba, mutum ne na cikin takarda, kamar yadda mai tatsuniya ya kan ƙaga gwaninsa. Amma wanda ya ƙaga shi an san ranar haihuwarsa da ranar mutuwarsa, an san kuma abin da ya samu a sana'ar alƙalami da abin da ta ci masa.

An haife shi a birnin Landan ran 28 ga watan Mayu 1908. Kakansa, Robat Filemin, mutumin Dandi ne a ƙasar Sikotilan, ɗan talakawa, ya fara aikin akawu tun yana yaro, sa'an nan ya gane hanyar tara kuɗin mutanen garinsu yana juya su cikin kamfanonin jirgin ƙasa na Amurka, har ya kafa banki da sunansa a Landan. Ubansa Balantain wakili ne a majalisar Ingila. Da Yaƙin Duniya na farko ya tashi sai ya tafi fagen fama a Faransa, harsashin igwar Jamus ya same shi ran 20 ga Mayu 1917, saura kwana 8 yaron ya cika shekara 9. Cocil da kansa ya rubuta ta'aziyyarsa a jaridar The Times, Iyan kuwa ya sa takardar nan cikin gilashi, yana rataye ta a ɗakinsa har ya girma.

To, a nan akwai mas'alar gado. Uban ya bar wasiyya dukiyarsa ta zauna hannun matarsa muddin ba ta sake aure ba, saboda haka 'ya'yansa maza huɗu suka tashi suna duban hannun uwarsu. Da kakan ya mutu cikin 1933 kuwa, jikokin nan da ubansu ya riga shi ba su sami rabo daga dukiyarsa ba. Watau Iyan ya tashi da sunan gidan masu banki da sha'awa irin tasu, amma aljihunsa na mai albashi ne. Wanda ya riƙe wannan zai gane dalilin da ya sa daga baya ya ɗauki rubutu tamkar fatauci, yana lissafin ribarsa ba kunya.

An kai shi makarantar Iton, inda wansa Bitrus ya yi fice wajen karatu, shi kuwa sai wajen gudu da tsalle, har ya zama zakaran makaranta shekara biyu jere. Daga nan aka sa shi makarantar hafsoshi ta Sandhas, ya fita cikin 1927 bai sami muƙami ba. Uwarsa ta aika da shi Ostiriya, sa'an nan Munik da Janeba, ya iya Jamusanci da Faransanci. Ya zauna jarrabawar shiga ma'aikatar harkokin waje, ba a ɗauke shi ba. Sai cikin 1931 ya sami aiki a kamfanin dillancin labaru na Reuters, wanda ya aike shi Mosko cikin 1933 domin ya ba da labarin shari'ar waɗansu injiniyoyi shida na Ingila da gwamnatin Rasha ta tuhuma da leƙen asiri. Yana can ya nemi ganin Sitalin, aka aiko masa da takardar uzuri wadda Sitalin ya sa wa hannu. A Reuters ɗin nan ya koyi rubutu da sauri, da kiyaye suna da adadi da lokaci. Bayan haka danginsa suka matsa ya koma aikin banki da dillancin hannun jari, ya yi shekara shida cikinsa, bai yi wani abin a zo a gani ba.

Yaƙin Hitila shi ya fitar da shi. Cikin watan Mayu 1939 Adimiral Jon Godfiri, shugaban sashen asiri na mayaƙan ruwan Ingila, ya ɗauke shi ya zama na hannun damansa, har ya kai muƙamin kwamanda. Galibin yaƙinsa a bisa tebur ya yi shi, a ɗaki mai lamba 39, yana ƙulla dabaru waɗansu su tafi su aikata. A cikin wata takarda da ta fito da sunan Godfiri a 1939, wadda masu tarihi suka rinjayar da cewa Filemin ne ya tsara ta, an kawo shawarar a ɗauki gawa a sa mata takardun ƙarya a jefar inda maƙiyi za su tsinta. Waɗansu hafsoshi suka aikata haka cikin 1943 a gaɓar Sifen, Jamusawa suka ruɗu, suka zaci Girka za a faɗa wa alhali kuwa Sisili a ke nufi. Cikin 1942 ya kafa wata ƙaramar runduna wadda aikinta shi ne ta shiga tare da na gaba ta kwashe takardun maƙiyi tun ba su ƙone su ba, ita ce kuma ta kama takardun tarihin mayaƙan ruwan Jamus cikin 1945. Sa'ad da aka kai hari Diyef a 1942 yana cikin jirgi yana hange daga nesa, don ba a yarda mai riƙe da asiri kamarsa ya faɗa hannun abokan gaba ba. A 1941 kuma ya raka Godfiri zuwa Amurka, ya taimaki Kanar Donoban da shawara kan kafa hukumar asiri tasu, shi kuwa ya yi masa kyautar libarba ƙirar Colt. A hanyar wannan tafiya suka yada zango a Lisbon, ya shiga gidan caca ya yi hasara, abin da ya zama tushen littafinsa na farko.

Da yaƙi ya ƙare ya zama mai kula da wakilan ƙasashen waje na jaridun Kemsli, masu Sunday Times, bisa sharaɗin a ba shi dogon hutu kowace shekara lokacin sanyi. Ya sayi fili eka 15 a bakin teku a tsibirin Jamaika cikin 1946, ya gina gida ya kira shi Goldeneye, sunan wani shirin asiri da ya tsara lokacin yaƙi. Gidan nan ne Antoni Idin, Firayim Ministan Ingila, ya je ya yi jinya a ƙarshen 1956 bayan rigimar mashigin Suwes. A nan kuma Filemin ya zauna gaban keken rubutu ran 17 ga Fabrairu 1952, yana da shekara 43, yana jiran ɗaurin aurensa da An Catris, wadda sha'aninsu ya daɗe yana jawo magana tun tana gidan wani mijin. Kafin a ɗaura auren ran 24 ga Maris ya gama littafin Casino Royale. Sunan gwanin nasa kuwa daga bangon wani littafin tsuntsaye ya ɗauko shi, wanda wani masani Ba'amurke mai suna Jemis Bond ya wallafa, domin yana neman suna marar ado, wanda kunne ba zai tsaya a kansa ba. Aka buga littafin ran 13 ga Afrilu 1953, guda 4,728, suka ƙare cikin wata guda. Daga nan ya mai da abin al'ada: kowace shekara littafi ɗaya, kalma 2,000 kowace rana, sa'a uku da safe sa'a ɗaya da maraice, ba ya waiwayen abin da ya rubuta sai ya kai ƙarshe.

Abin da ya sa hikayoyinsa suka kama mutane shi ne yana ambaton kowane abu da sunansa da sunan maƙerinsa, agogo ne, ko mota, ko taba, har mai karatu ya ɗauka mutumin nan ya san kome. Amma wajen bindiga saninsa bai kai ba. A littattafai biyar na farko ya ba Jemis Bond wata 'yar bindiga ƙirar Beretta ta Italiya, faɗin bakinta rubu'in inci, ya sa ta cikin kube na lallausar fata a ƙarƙashin hammata. Cikin watan Mayu 1956 sai ga wasiƙa daga Gilasgo, daga wani mai suna Jefri Buturoyid, ɗan shekara 31, ma'aikacin kamfanin ICI, wanda ya ƙware wajen sanin bindigogi. Ya gaya masa da ladabi cewa wannan bindiga ta jakar mata ce, harsashinta ƙarami ne, ba ya tsai da ƙato mai nufin kisa, kuma kube mai laushi ya kan riƙe bindiga daidai lokacin da a ke bukatar zaro ta. Ya ƙara da cewa ƙarfen nan da a ke ɗaura wa bakin bindiga don kashe ƙara, amfaninsa a hikaya ya fi amfaninsa a fili.

Ƙananan bindigogi iri biyu ne. Akwai libarba, mai gidan harsashi da ke juyawa, wadda ba ta cika sarƙewa ba, in harsashi ɗaya ya ƙi sai a sake jan kunama na gaba ya zo. Akwai kuma mai ɗura kanta, wadda harsasanta ke jere cikin mariƙi, ta fi sirantaka, ta fi kwanciya a ƙarƙashin riga, amma ta kan sarƙe. Buturoyid libarba ya zaɓa, ƙirar Smith & Wesson mai lamba .38, marar nauyi. Filemin kuwa ya fi son mai ɗura kanta, don ita ta dace da mutum mai sa kwat na tela, sai suka daidaita a kan Walther PPK ta Jamus, faɗin bakinta milimita 7.65, mai cin harsashi 7. An fara ƙera ta wajen 1931 domin 'yan sandan ciki masu farin kaya, irinta ce kuma Hitila ya kashe kansa da ita cikin 1945.

Wani marubucin da ya ga irin wannan wasiƙa sai ya husata. Filemin ya yi godiya, ya kuma mai da gyaran ya zama riba. A ƙarshen littafinsa na 1957, From Russia, with Love, ya sa ƙarfen kashe ƙara ya maƙale a ƙugun wandon Jemis Bond ya kasa zaro Beretta, daga bisani wata tsohuwa 'yar leƙen asirin Rasha ta shure shi da tsinin ƙarfe mai dafi da ke ɓoye a takalminta, ya faɗi, littafi ya ƙare ba a san ko ya mutu ko yana da rai ba. Lokacin nan Filemin ya fara gajiya da gwanin nasa, ya bar wa kansa ƙofar kashe shi. Amma a littafi na gaba, Dr. No, na 1958, sai ga shi ya warke, shugabansa ya kira shi ya karɓe bindigar da ya riƙe shekara 15, ya sa mai kula da makamai ya ba shi Walther PPK da Smith & Wesson. Sunan da Filemin ya ba mai kula da makaman nan shi ne Manjo Buturoyid, ladan wasiƙa ke nan. Duk da haka bai tsira daga kuskure ba, gama kuben da aka ba shi shawara, ƙirar Berns-Martin, na libarba ne kaɗai, shi kuwa ya sa Walther a ciki, masana bindiga suka yi ta aiko masa da takardu.

Akwai kuma wani abin da ya faru tsakani. Filemin ya ari libarbar Buturoyid, wadda ya yanke mata wani sashe na zoben da ke kare kunama don saurin harbi, ya ba mai zane Ricad Copin ya zana ta tare da fure a bangon littafin 1957. Tana Landan ke nan aka kashe mata uku a gida ɗaya kusa da Gilasgo da bindiga mai lamba .38, 'yan sanda suka shiga bin duk mai irinta, suka zo wa Buturoyid, ya ce tasa tana wajen mai hikaya. Aka bincika aka tarar gaskiya ne. Wanda ya yi kisan, Bitrus Manuwel, an rataye shi cikin 1958.

Ban da hikaya ya rubuta waɗansu littattafai. Cikin 1957 ya fitar da The Diamond Smugglers, kan fasa-ƙwaurin lu'ulu'u daga Saliyo da sauran ƙasashen Afirka. Cikin 1960 kamfanin man Kuwait ya ɗauke shi ya rubuta labarin ƙasar, da hukuma ta karanta ba ta yarda ba, aka hana bugawa. Hikayoyin nasa ma ba su rasa masu suka ba, aka zarge su da yawan giya da mata da azabtarwa, kuma zargin yana da tushe. Yadda ya siffanta baƙar fata a Live and Let Die na 1954 kallo ne na Baturen mulkin mallaka, har magadansa suka cire waɗansu kalmomi sa'ad da suka sake buga littattafan cikin 2023.

Kasuwarsa ta buɗe sosai cikin Maris 1961, da mujallar Life ta jera littattafai goma da Shugaba Kenedi na Amurka ya fi so, aka ga nasa a ciki. A wannan shekara Hari Salzman da Albat Burokoli suka ƙulla cinikin mai da hikayoyin silima. Dā ma an taɓa gwadawa: cikin 1954 wani gidan talabijin na Amurka ya biya dala 1,000 ya nuna Casino Royale, Bari Nelsan ya fito a matsayin Bond, aka mai da shi Ba'amurke, abin bai yi tasiri ba. Wannan karon suka zaɓi Shon Konari, mutumin Edinbara, ɗan talakawa, wanda ya yi tallan madara gida gida, ya yi aikin jirgin yaƙi, har ya yi sana'ar goge akwatin gawa. Filemin bai so shi ba, yana ganin ƙato ne kawai marar wayewa, shi kuwa mutum irin Dauda Niben ya ke hange, mai kama da 'yan gidan sarauta. Mai ba da umarni Terens Yon ya ɗauki Konari ya kai shi wajen telansa, ya koya masa tafiya da zama da cin abinci irin na manya. Aka fara nuna Dr. No ran 5 ga Oktoba 1962, an kashe masa wajen dala miliyan ɗaya, ya mayar da ninkin ba ninkin. Filemin ya sauko, har a littafinsa na 1964, You Only Live Twice, ya rubuta cewa uban Jemis Bond mutumin Sikotilan ne.

A cikin silimar nan an nuna karɓe Beretta da ba da Walther, amma masu lura sun gane wadda aka riƙe a yawancin wasan Walther PP ce, yayarta mai dogon baki. Hoton nan kuma da ya zaga duniya cikin 1963, Konari riƙe da doguwar bindiga kusa da fuskarsa, bindigar iska ce ƙirar Walther LP53, ta mai ɗaukar hoton, aka are ta don ba a kawo ta gaske ba. An yi gwanjonta a Landan cikin 2010, ta tashi fam 277,250.

Daidai lokacin da arziki ya zo, lafiya ta tafi. Mutum ne mai shan taba wajen kara 70 a yini, ga giya, likitoci sun yi gargaɗi bai ji ba. Ciwon zuciya ya buge shi cikin Afrilu 1961, yana jinya ya rubuta wa ɗansa Kasfa tatsuniyar mota mai tashi, Chitty-Chitty-Bang-Bang. Ga kuma shari'a. Tun 1959 shi da Kebin Makkulori da Jak Witingam suka yi tarayya wajen tsara labarin silima, abin bai yiwu ba, sai Filemin ya ɗauki labarin ya mai da shi littafin Thunderball na 1961 da sunansa shi kaɗai. A nan gaskiya ba ta wajensa, ko da ya ke an yi tarayyar ne ba a rubuta rabon kowa a fili ba. Makkulori ya kai ƙara, aka zauna a babban kotun Landan cikin Nuwamba 1963, aka yi sulhu: ikon yin silimar labarin ya koma hannun Makkulori, aka kuma wajabta ambaton abokan tarayya a littafin. Cikin Maris 1964 ya sayar wa kamfanin Booker kashi 51 cikin 100 na kamfanin da ke riƙe da haƙƙin littattafansa, a kan fam 100,000, kuɗin da ba da daɗewa ba ya zama kaɗan ƙwarai in an gwada da abin da hajar ta kawo.

Uwarsa ta mutu cikin Yuli 1964. Ran 11 ga Agusta ya faɗi bayan cin abincin dare, aka kai shi asibiti a Kantabari, ya cika da asubar 12 ga wata, yana da shekara 56, ranar da ɗansa ya cika shekara 12. An binne shi a ƙauyen Sebenhamton. Ya bar littattafan Bond 14, biyu daga ciki bayansa aka buga su, an kuma sayar da wajen miliyan 30 tun yana da rai. Silima biyu kaɗai ya gani, ta uku, Goldfinger, ta fito wata guda bayan mutuwarsa. Kasfa ya mutu cikin 1975 yana da shekara 23, An ta bi shi cikin 1981, duka aka binne su kusa da shi.

Bayansa wasan ya yi ta sauya hannu. Dauda Niben da ya so ya fito a matsayin Bond cikin 1967, amma a silimar ban dariya. Joj Lazanbi mutumin Ostireliya ya yi sau ɗaya a 1969. Roja Muwa ya yi sau bakwai daga 1973 zuwa 1985, ya mai da abin raha. Timoti Dalton ya yi sau biyu, 1987 da 1989, ya koma ga mutum mai ɗaure fuska irin na littafi. Fiyas Burosnan ya yi huɗu, a hannunsa ne aka sauya bindiga zuwa Walther P99 cikin 1997, har aka komo ga PPK cikin 2008. Shi Konari ya bari ya komo har sau biyu, na ƙarshe cikin 1983 a silimar da aka yi da ikon nan na Makkulori, ya mutu cikin 2020 yana da shekara 90. Buturoyid ya mutu cikin 2001. Rigimar Thunderball kuwa ba ta mutu ba sai 2013, sa'ad da masu silimar suka saye haƙƙin daga magadan Makkulori. Daniyel Kireg ya yi biyar daga 2006, a ta ƙarshensu, No Time to Die ta 2021, aka kashe Jemis Bond a idon jama'a, shekara 64 bayan Filemin ya kayar da shi da dafi sa'an nan ya fasa.

Tamat.